Sha Biyu A Agogon Brisbane

"Liway! Sun iso!"

Liway ta zame abin sauraro daga kunnenta ta juyo. Mahaifiyarta ce tsaye a ƙofar ɗaki, tsintsiya a hannu, gashinta a naɗe da robobi.

"Su wa suka iso, Nanay?"

"Su wa kuwa? Nestor da danginsa! Mota biyu!"

Liway ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Ƙarfe goma daidai.



Yau ce ranar pamamanhikan, ranar da dangin saurayi ke ɗauko abincinsu su zo gidan budurwa neman aurenta. Sha biyu aka tsayar. A nan garin Iloilo kuwa, in an ce maka sha biyu, to ka yi wankanka a natse, ɗaya da rabi ma ka yi sammako. Shi ya sa Tatay, mahaifinta, yake bayan gida da singileti yana wanke kejin kaji, kujerun falo kuma suna waje suna shan rana.

Liway ta buɗe kalandar kwamfuta, nan take ta ga ɓarnar da ta tafka. Shekara uku ke nan kwamfutarta na kan agogon birnin Brisbane, inda masu ba ta aiki suke, wanda ya riga nasu da awa biyu. Ta rubuta sha biyu ta tura wa Nestor gayyata, wayarsa kuma ta mayar masa da shi lokacin gida. Goma!

Ita da ke tsara wa kamfanoni biyar lokacinsu ba ta taɓa kuskuren minti ɗaya ba, sai a ranar neman aurenta.

Aka ƙwanƙwasa taga. Nestor ne, ya sha farar riga, gumi na tsatstsafo masa.

"Langga..." ya kira ta da sunan da yake lallashinta da shi. "Goma na gani a wayata. Na yi ta kiranki tun safe."

"Wayata a kashe take in ina aiki, ka sani! Wayyo Nestor, na kashe kaina..."

"Ba ki kashe kowa ba. Fito kawai ki gaida Mama."

"A haka?"

Ya leƙo ya dube ta. Daga sama riga ce mai kwala, a goge tsaf. Daga ƙasa wandon barci ne mai hoton agwagi. Duk mai irin aikinta ya san wannan shigar, tunda kyamara ba ta wuce ƙirji. Ya danne dariyarsa da ƙyar.

"Wallahi kin yi kyau. Har agwagin."

"Zan jefe ka da takalmi!"

Sai ya rage murya. "Glenda ma ta biyo mu. Mama ce ta ce ta zo."

Nan wasa ya ƙare.

Tita Perla, mahaifiyar Nestor, tsohuwar shugabar makaranta ce, macen da har yau magidanta masu furfura ke gyara tsayuwa in ta wuce. Wata takwas Nestor ya yi yana roƙonta kafin ta yarda ta tako gidan nan, kuma ta faɗa masa zuwa ɗaya za ta yi. A wurinta, wanda ba ya fita da safe da jaka ba shi da aiki. Glenda kuwa, 'yar ƙawarta, ma'aikaciyar jinya da ta daɗe da sa wa Nestor ido, ita ta ƙara wa miyar gishiri. Ta ce ai Liway kulle kanta take yi a ɗaki tana hira da Turawa maza, mijin fita waje take nema.

Ba wanda ya gaya wa Tita Perla cewa da tsohuwar kwamfuta ɗaya Liway ta fara, a kan teburin guga, tana amsa wa wani mai gyaran famfo wasiƙu. Yau mata huɗu ke aiki a ƙarƙashinta, kowacce daga ɗakinta.

Liway ta miƙe za ta canza wando, sai layin kamfanin gyaran famfon ya hau ƙara. Ranar Asabar ita ke riƙe musu waya har sha ɗaya.

"Kada ki ɗauka!" Nanay ta ce da raɗa mai ƙarfi. "Matar na zaune a falo, ko kujerar kirki babu!"

Liway ta dubi ƙofa. Ta dubi kwamfuta. Layin gaggawa ne.

Ta mayar da abin sauraro kunnenta.

Minti biyar... minti bakwai... amarya ba ta fito ba. A falo an jera gasassun kaji da kifi da tukwanen shinkafa a kan tebur, Tatay ya saka riga a bai-bai yana ta ba da labarin kaji. Tita Perla na zaune, jakarta na kan cinya.

"Tita, ni fa na gaya miki," Glenda ta ce a hankali, yadda kowa zai ji. "Yau ma ba ta iya haƙura da su ba. Zo ki gani da idonki."

Kafin Nestor ya tare su, sun kai ƙofar ɗakin. Liway ta ba su baya, tana magana da Turanci cikin wata murya mai taushi.

"Ina nan... ba zan tafi in bar ki ba..."

Glenda ba ta tsaya ta saurara ba. Ta sa hannu ta fizge wayar abin sauraron daga jikin kwamfuta, don kowa ya ji muryar Baturen da take zargi.

Sai kukan tsohuwa ya cika ɗakin.

"Ruwan ya kai mini idon sawu! Na kasa juya shi, 'yata, hannuna ba ƙarfi... ni kaɗai ce a gidan..."

Liway ta waigo ta ga Tita Perla. Duk da haka ba ta tashi ba. Ta matsa kusa da kwamfutar.

"Misis Hanlon, ki saurare ni. Mai gyara yana hanya, minti goma sha biyar. Kada ki taɓa makunnin wuta ko ɗaya. Kina ganin jan marfin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke? Shi za ki juya dama."

"Yana zame mini! Yatsuna sun ƙage..."

Liway ta ciji leɓe. Dabararta ta ƙare.

"Ta naɗa masa tawul."

Kowa ya juya. Tita Perla ce. Ta ajiye jakarta a kan gado, ta sunkuyo kan kwamfutar da muryar da ta yi shekara talatin tana tsayar da ɗalibai a layi.

"Baiwar Allah! Daina kukan nan, kuka ba ya tsayar da ruwa. Ɗauko busasshen tawul ki naɗa a marfin. Kin naɗa? To sa tafin hannu biyu, ba yatsu ba. Danna da nauyin jikinki. Juya!"



Ƙarar ruwa ta ragu... ta ragu... ta ɗauke.

"Ya tsaya! Wayyo, ya tsaya! Wace ce wannan?"

"Wata mai ciwon yatsu irin naki," in ji Tita Perla.

Liway ba ta ajiye layin ba sai da ta kira 'yar tsohuwar ta gaya mata, ta kuma ji mai gyara ya buga ƙofa. Lokacin da ta juyo, Glenda ta sulale waje, wai ana kiranta a waya. Ba wanda ya ji wayar ta yi ƙara.

Liway ta miƙe tsaye, ita da agwaginta. Idonta ya ciko.

"Tita, ki yafe mini. Ni na rikita lokacin. Kuma na bar ki zaune..."

"Kin san abin da zai iya biyo bayan barina zaune?"

"Na sani."

"Amma kika ɗauki wayar."

"Ita kaɗai ce a gidan, Tita."

 Tita Perla ta zauna a bakin gado, kamar wadda ƙafafunta suka gaji da tsayuwar shekaru.

"Nestor, fita ka ba mu wuri."

"Mama..."

"Fita, na ce! Ka je ka gaya wa surukinka rigarsa a bai-bai take."

Surukinka! Nestor ya fita yana tuntuɓe da ƙofa, bakinsa har kunne.

Da suka rage su biyu, muryar shugabar makaranta ta tafi, ta bar ta wata tsohuwa kawai.

"Maganar Glenda ban taɓa yarda da ita duka ba. Na riƙe ta ne don ina neman abin riƙewa. Tun da babansa ya rasu, mu biyu ne kawai a gidanmu. In ya yi aure..." Ta dubi yatsunta da suka kumbura. "Watan jiya na yi awa guda ina kokawa da murfin kwalba. Ban gaya masa ba."

Liway ta durƙusa a gabanta. Ta ɗauki hannun nan mai ciwo a hankali, ta kai shi goshinta, yadda ake gaida manya.

Da ta zo saki, Tita Perla ta riƙe ta gam.

"In na kira ki, ko kina tsakiyar aiki..."

"Zan ɗauka."

"Ko a kan murfin kwalba ne?"

"Ko a kan murfin kwalba ne, Mama."

Tsohuwar ta share ido da bayan hannu, ta gyara zaman tabarau, ta ɗaga murya yadda har na bayan gida za su ji.

"To me ake jira? A zuba abinci, mun zo neman aure!"