Kukan Birkin Motar Hamani

Rana ta sunkuya bayan tsaunin Filinge, awaki suna shigowa gida da kansu, hayaƙin murhu ya kwanta bisa katangu kamar ya gaji. Hamani, direban tsohuwar mota bashe mai jigilar mutane da buhunan hatsi zuwa kasuwar Baleyara, yana tsugune bakin zaure yana alwala. Motar tana gindin itacen bedi, injinta ya huce tun la'asar, makulli yana aljihunsa.

Sai birki ya yi kuka.

Dogon kuka ne, siriri, mai shiga haƙori, irin na ƙarfe in ya ci ƙarfe. Babu kowa cikin motar, kuma ba ta gusa ko taƙi ba. Kaji suka yi tsit. Hamani ya ajiye buta, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Shi kuwa mutum ne wanda ko inuwarsa ba ta tsira daga bakinsa ba. Ya tashi ya shuri taya.

"Tsinanniya! Bisa hanya ki kunyata ni, gida ma ki biyo ni?"

Don a hanya kukan ba baƙo ba ne. Tun farkon kaka ya soma, har 'yan tasha suka laƙaba wa motar suna Mai Guɗa. Hamani ya kai ta garajin Zaidu makanike har ya gaji. Zaidu ya ɗaga ta a kirik, ƙarfen ɗaga mota, ya cire taya, ya ga fatun da ke damƙe faifan ƙarfe sun cinye, ya sa sababbi. Kuka bai fasa ba. Ya goge faifan, ya nemi tsakuwar da ta maƙale, ya sake man birki, ya buɗe na baya ma. Daga ƙarshe ya zauna bisa taya yana kaɗa kai.

"Wallahi Hamani, birkinga lahiya lau shike. Abu guda ne ban gane ba. Duk sanda na buɗe, toka nika iskewa ciki. Tokar itace, da ɗuminta."

"Toka tana cikin kanka! An koya ma gyaran keke, ka zo kana ɓarnar motocin mutane."

Zaidu ya goge hannu da tsumma. "Zage ni son ranka. Amma birki mai kuka da ransa shike, gaya ma yake yana nan. Wanda ya yi shiru, shi ne abin tsoro."

Daga magaribar da birki ya yi kuka a gida, gidan Hamani bai sake zama gida ba. Da rana ta taɓa tsauni, birki ya yi kukansa, sai tsakuwa ta fara sauka bisa kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. In ka ɗauka, baƙa ce ƙirin da kunkunniya, da ɗumi kamar daga wuta ta fito. Hamani ya ce aikin maƙwabta ne, ya bi gida gida da zagi har babu mai amsa sallamarsa. Bayan jifa kuma sai a ji daga madafi kamar ana kankare tukunyar da babu komai ciki, da ƙananan muryoyi suna shessheƙa. Tuwo ya daina ƙosar da kowa. A ci a suɗe kwano, a tashi da yunwa.

Matarsa Dijatu ta ce a nemi malami. Ya ce duk wanda ya kawo masa mai gafaka gida, tare za su fita.

'Yarsu Haske, budurwa mai karatu a kolej, ita ke girkin yamma tun da ƙugun uwarta ya soma ciwo. Ta rame, ta daina magana. Wata magariba tana cikin tuƙa tuwo sai muciya ta suɓuce mata, ta faɗi gefen murhu, idanunta suka juye. Motar da ke gindin bedi ba ta yi ƙara ba ran nan. Haske ce ta buɗe baki, kukan birkin ya fito daga maƙogwaronta, dogo, siriri, har karnukan unguwa suka shige ƙarƙashin rumbuna.

An kai ta gidan likita, an yi allura, an dawo. Washegari aka same ta tana ɗibar toka tana ci. Dijatu ba ta sake tambayar kowa ba, ta aika garin Bonkuku aka ɗauko Malam Manzo.

Tsoho ne ɗan siriri, ba ya ɗaga murya. Ya iso bayan la'asar, wuta tana ci a murhu don Dijatu ta ɗora ruwa. Ya shimfiɗa buzu tsakar gida, ya sa aka kwantar da yarinya gabansa, ya zuba turare a kasko, ya fara karatu a hankali. Iska ta tsaya. Can sai Haske ta tashi zaune, ta miƙe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta yi magana da wata murya busasshiya wadda ba tata ba.

"Isa haka nan, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Tambai ɓarawo."

Hamani ya zaburo. "Wa ab ɓarawo? Ke, hito hili in..."

"Hamani," in ji Malam, bai ko waiwaya ba, "kama bakinka, ɗiyarka ce ke shan wuyar."

Muryar ta ci gaba. "Gangaren da ke bayan gari, hanyar Sanam, gindin aduwa, nan murhuna yake tun kakanninai ba su zo ƙasarga ba. Motatai ta mace bisa gangare tana zamewa baya. Ya sabko, ya ɗauki dutse guda cikin ukuna ya tokare taya. Na ce bari, matahiyi ne, zai maida. Da ta tashi, sai ya jefa shi bayan mota ya yi gaba. Tukunyata ta kihe. Malam, ka taɓa ganin tukunya ta zauna bisa dutse biyu?"

Hamani ya koma ya zauna. Ya tuna dutsen, baƙi mai faffaɗan kai, da yadda ya ji shi da ɗumi a hannu alhali sassafe ne. Dijatu kuwa ta dafe baki. Dutsen murhunta ya tsage a kaka, ta ga wani bayan mota, ta ɗauka ta girke. Kowa ya juya ya dubi madafi, inda harshen wuta ke lasar baƙin dutsen.

"Ɗiyana suna kwana da yunwa, su suna suɗar hannu bisa dutsena. Na bi shi da kuka cikin ƙafar motatai, ya sai mini sababbin fatu! Na jeho mishi tsakuwar murhuna, ya zagi maƙwabta. Wane irin kurma ne wanga?"

"Mi kike so?" in ji Malam.

"Yarinyar. Ta iya tuƙi. Ya ɗauki na murhuna, in ɗauki na murhunai."

Dijatu ta ƙwala ihu. Malam ya ɗaga karatu, ya ƙara turare, har jikin Haske ya dinga murɗewa kamar igiya.

"Dutse aka ɗaukar miki, dutse za a maida," in ji shi. "Allah bai halatta miki rai a kan dutse ba."

Inuwar katanga ta kai rabin tsakar gida.

"To shi ɓarawon zai kai. Da ƙafa, yanzu, da zahinai, kahin rana ta hwaɗi. Hannu tsirara."

"Da gammo," in ji Malam.

"Hannu tsirara!"

"Da gammo, ko in ci gaba da karatu."

Ta yi tsaki. "Shi ɗauki gammon. Amma ka ji, mai baki." Idanun Haske suka sauka kan ubanta, babu ko ɗigon sani cikinsu. "Yarinya na sake ta. Dutse kuwa, in na iske ya ragu ko da ɓallin farce, ba ni jifa, ba ni kuka. Shiru zan yi. Wata rana kana sabkowa gangare da mota cike, ka taka, ka ji shiru."

Haka Hamani ya janye dutsen daga wuta, ya ɗora bisa gammon matarsa, ya fita. Ya ratsa unguwa, ya ratsa tasha, maƙwabtan da ya zaga suna tsaye suna kallon ƙaton namiji ɗauke da dutsen murhu, tsumma yana hayaƙi a kansa. Karo na farko a rayuwarsa aka yi masa dariya bai tanka ba. Gashinsa ya babbake, ƙauri ya cika masa hanci, bai tsaya ba.

Ya isa gindin aduwa rana saura ƙiris. Ga duwatsu biyu baƙaƙe, ga gurbin na uku. Ya durƙusa ya girke shi. Yana janye hannu sai yatsansa ya ji kaifi a gefe guda, wata 'yar kusurwa a ɓalle. Taya ce ta ɓalle ta ran nan? Wutar Dijatu ce? Ko dama can haka yake? Ya buɗe baki zai tambaya, amma babu kowa sai aduwa da duhun da ke tasowa.

A gida, daidai lokacin, Haske ta yi atishawa mai ƙarfi, ta ɓingire, ta farka tana kiran inna, tana neman ruwa. Jifa ta ɗauke. Tuwo ya koma ƙosarwa. Birki kuma ya yi tsit, yana kamawa sumul kamar na sabuwar mota.

Ranar kasuwar Baleyara Hamani ya cika mota, ya kai bakin gari, ya taka birki, ya ji shiru. Motar ta tsaya cak yadda ya kamata. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya sauke fasinja duka, ya juya sai garaji.

"Zaidu," in ji shi, murya ƙasa ƙasa, "tsohin fatun nan da ka cire, ka yar da su?"

"Suna bayan shago. Sun cinye, mi za ka yi da su?"

"Maida mini su. Ina son mai kuka."