Tukunyar da Ke Ƙarewa da Wuri

Ƙarfe tara na safe mai gidan abincin da ke daura da tashar mota ya faɗo caji ofis, hula a hannu, yana haki. Kowa Manaja yake ce masa, ko da yake shi ne mai wurin, shi ne akawu, shi ne kuma mai yanka tikiti, don bai taɓa yarda wani ɗan adam ya zauna kusa da aljihun teburinsa ba.

Ya shaida wa Sufeto cewa kwana goma sha ɗaya ke nan ana yi masa sata. Tukunyar shinkafar da ta saba kai shi ƙarfe huɗu, faranti tamanin cif, yanzu kafin ƙarfe biyu ake kankare gindinta, alhali tikitin da ya yanka bai wuce sittin ba. Abincin mutum ashirin ke ɓacewa kullum da rana tsaka.

"Wa kake zargi?" in ji Sufeto.

"Kukuna, yallaɓai. Ita ke dafawa, ita ke zubawa. A rufe min ita yau ɗin nan."

Sufeto mutum ne mai tumbi da haƙuri, kuma babu gidan abincin da bai san ɗanɗanon miyarsa ba a garin. Wannan ma ya san shi. Wata uku da suka wuce ya ci a wurin, ya biya kuɗin da zai yi wa gidansa cefanen yini guda, yana fitowa ya tsaya sayen burodi. Bai manta ba, amma bai ce komai ba. Ya rubuta ƙara, ya kira Kofur, suka bi Manaja.

Gidan abincin tebur takwas ne na roba, da fanka mai kuka, da ƙaton hoton faranti a bango wanda shinkafarsa ta yi tsiri, cinyar kaza kwance a kai kamar ta jimina. Tsakanin ɗakin cin abinci da kicin akwai taga, ta nan ake miƙo faranti. A saman tagar Manaja ya kafa madubi a karkace, yadda daga kujerarsa zai riƙa ƙirga kowane motsi na hannun kuku.

Kukun dattijuwa ce, shekararta tara a wurin, da wannan aikin take riƙe da 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta. Da ta ga kaki sai ta ajiye ludayi ta gaishe su. Ta ce mako guda ke nan Manaja yana zazzage jakarta kowace yamma, bai taɓa samun komai ba sai silifas da man zafi.

"Ludayi nawa kike zuba wa mutum, Inna?" in ji Sufeto.

"Biyu, yallaɓai. Dokar gidan ke nan. Ga madubi nan, ko rabi na ƙara sai ya yi tari."

"Me ya sami hannunki?"

Ta dubi tsumman da ta ɗaure wuyan hannunta na dama da shi, ta ce tsufa ne kawai. Sufeto ya lura tsufan bai taɓa hannun hagu ba.

Ya leƙa sito, ya duba buhuna, ya sa Kofur ya zagaya baya ko akwai wata ƙofa da ake fitar da abu. Babu. Da sha biyu ta yi sai ya ja kujera ya ce a kawo masa faranti ɗaya, don bincike. Manaja ya yanka masa tikiti, ya kuma karɓi kuɗinsa ba ragi.

Farantin da ya iso ya ba shi mamaki. Ya ci, ya sassauta bel, ya ci, har ya rage loma uku da Kofur ya taimaka masa da su. Da ya ɗaga kai ya ga wurin ya cika maƙil, direbobi da teloli da ma'aikatan banki, wasu a tsaye suna jiran kujera. Wani direba a teburin kusa ya raɗa masa cewa labari ya bazu a tasha, wai Manaja ya tuba. Da can, in ji shi, in ka ci a nan sai ka nemi wani wuri ka ci abinci.

A kusurwa wani tsoho ne zaune shi kaɗai, rigarsa a goge, laima a naɗe jingine da gwiwarsa, yana cin abinci a tsanake yana murmushi. Direban ya ce Baba Sikeli ke nan, shekara talatin ya yi a ofishin duba ma'auni kafin ya yi ritaya, 'yan kasuwa har yau in sun hango shi sai su ɓoye mudu. Sufeto ya ɗauki kofin ruwansa ya koma teburinsa, suka gaisa.

Tsohon ya ce tun da mai ɗakinsa ta rasu a nan yake cin abincin rana, kullum a wannan tebur, don nan ne kusa da gida kuma ƙafa ba ta zuwa nesa.

"Abincin ya kai kuɗinsa, Baba?"

"Kwanan nan ya kai, ɗana."

"Da can fa?"

"Da can hoto muke saye." Ya nuna bango da cokali.

"Ka taɓa shiga kicin?"

"Me zai kai ni kicin ɗin mutane?"

Sufeto ya tambaye shi ko yana tsammanin ruwa ne da yake yawo da laima, ga shi an yi wata biyu ko ɗigo ba a gani ba. Tsohon ya ce sabo ne, ya ƙara janyo ta jikinsa.

Biyu saura kwata tukunya ta ƙare. Manaja ya fito yana tafa hannu, yana cewa ga shi nan an gani da ido, a gaban hukuma ma ba ta fasa ba. Sufeto ya shiga kicin ya tsaya kan tukunyar. Ya ga kowane faranti da ya fita, ya ga kowane ludayi biyu ne, ba wanda ya fita da ko ƙwaya a leda. Sai ya ɗauki ludayin kansa, ƙaton ludayin ƙarfe mai baƙin gindi, ya murza shi da babban yatsa. Baƙin ya biyo yatsan, ƙarfe ya fito fes yana ƙyalli. Sabo ne, aka shafa masa baƙin tukunya.

"Inna, tun yaushe ludayin nan ya yi miki nauyi?"

Idonta ya ciko. Ta ce kwana goma sha ɗaya. Ta rantse ba ta san yadda aka yi ba, ta dai ɗauka wata safiya ta ji yana cin shinkafa fiye da da. Ta so ta faɗa, amma shekara tara ita ake zagi ta wannan tagar, ita ake ce wa marowaciya, wani ma ya taɓa tambayarta ko da cokalin shayi take aunawa. Ranar kuwa wani ya leƙo ya ce Allah ya yi mata albarka. Daɗin da ta ji ya sa ta ɗaure hannu ta yi gum.

Manaja ya fizgi ludayin, ya ƙwanƙwasa cikinsa da farce, ya sake ƙwanƙwasawa. Fuskarsa ta sauya.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Yaya naka yake?"

"Irin wannan ne dai. Na kasuwa. Ludayi dai, yallaɓai."

"To ta yaya ka gane ba shi ba ne?"

Manaja ya ce kowa ya san kayansa, ya juya kan kuku ya ce ita ta musanya, yanzu ma sata ta zama biyu. In hukuma ba za ta rufe ta ba, shi gobe da yamma ta ajiye masa aikinsa. Matar ta zauna kan buhun albasa ta rufe fuska da mayafi, har Kofur ya kau da kai don tausayi. Sufeto ya ce ba wanda za a rufe yau, ya juya mariƙin ludayin, ya ga 'yar alamar tauraro da aka buga a ƙarshensa. Kofur ya ce ya san mai wannan tambarin, maƙeri ne a bayan kasuwar 'yan katako.

Maƙerin ya karɓi ludayin ya yi dariya tun kafin a tambaye shi. Ya ce aikinsa ne, kuma irinsa biyu ya taɓa ƙerawa. Na farko shekarun baya, Manaja ya zo da kansa ya ce a yi masa ludayi mai faɗin baki da zurfi daga waje, amma a liƙa wani faifan ƙarfe a ciki, a ɗaga gindin da kaurin yatsa ɗaya da rabi. Mai kallo daga taga zai ga an nutsa ƙaton ludayi har sau biyu, ya ji ransa ya yi fari, sai ya zauna ya ga abin da ya samu.

Na biyun kuwa makonni uku da suka wuce ne. Wani dattijo ya zo da zane a takarda, da awon kowane gefe, ya ce a yi masa irin na Manaja sak amma gindi ɗaya. Bai yi ciniki ba, sai dai sau uku yana dawo da shi, yana zuba ruwa da wani kofi mai layi-layi yana cewa da saura.

"Har na ce masa, Baba, ludayi ne ko maganin asibiti?"

"Yana riƙe da wani abu?" in ji Sufeto.

"Laima, a wannan ranar da ake ƙwallawa."

Sufeto ya mayar wa kuku ludayin a hanyarsa ta komawa ofis, ya ce ta yi girkinta gobe yadda ta saba.

Washegari ƙarfe ɗaya suka dawo, wuri ya cika fiye da jiya. Baba Sikeli na kusurwarsa, amma yau ba murmushi, abincin ma juya shi kawai yake yi. Labarin korar kuku ya riga ya zaga teburan.

Sufeto ya zauna gabansa ya ce maƙeri yana gaishe shi.

Tsohon ya ajiye cokali. Ya ɗauki laimar ya buɗe ta a hankali, wani tsohon ludayi ya faɗo kan tebur da ƙara, har na teburin kusa suka waiwayo.

"Ni na ɗauka," in ji shi. "Matar nan ba ta san komai ba. Ko ba ka zo ba yau zan kawo kaina, don jiya ban runtsa ba."

Ya ce wata shida yana sayen faranti ɗaya a leda duk ƙarshen mako, ya kai gida ya ɗora a sikeli, abin bai taɓa yin daidai da girman ludayin da yake hangowa ba. Ya yi wa Manaja magana sau biyu, Manaja ya ce masa in ya yi tsada akwai gidajen abinci da yawa a gari. Ranar da famfon wanke hannu na waje ya ƙafe aka ce masu ci su shiga kicin su wanke, kuku kuma ta fita karɓar kaji, sai ya yi musanyar. Tun ranar yake yawo da tsohon ludayin, don bai iya barin kayan sata ya kwana a ɗakinsa shi kaɗai ba, bai kuma iya jefar da shaida ba.

Sufeto ya sa aka kawo sabon ludayin da kofi. Ya cika tsohon ludayin da ruwa ya juye a sabon, ruwan ya tsaya can ƙasa da baki. Masu cin abinci suka leƙo suna kallo. Direban nan na jiya ya miƙe tsaye ya zuba wa Manaja ido, abokinsa ya ja shi ya zaunar.

Baba Sikeli ya miƙa hannayensa biyu ya ce a sa masa ankwa. Sata ya yi, kuma yana so a kai shi gaban alƙali, a kawo ludayin, a zuba ruwan nan a gaban kowa a rubuta.

Nan take Manaja ya zagayo daga bayan teburinsa yana murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce haba, Baba ai uba ne, me ye ludayi tsakaninsu, shi ya yafe duniya da lahira, a bar maganar a nan. Kuku ma ya yafe mata, ta ci gaba da aikinta.

"Me ka yafe mata?" in ji Sufeto.

Manaja ya ce yana nufin ita ta yafe masa.

Sufeto ya ce ƙara ta riga ta shiga littafi tun jiya, da sa hannun mai ƙara, ga kayan sata, ga wanda ya amsa laifi da bakinsa. Gobe mai ƙara ya zo ofis ƙarfe tara na safe, kuma ya zo da shirin yi wa mutanen ofishin ma'auni bayani, don su ma za a gayyace su. Kofur ya sa tsohon ludayin a leda ya manna masa takarda. Sabon kuwa Sufeto ya miƙa shi ta taga, ya ce ba wanda ya kawo ƙarar an sace wannan.

Ba a sa wa tsohon ankwa ba. Ya roƙi a bar shi ya cinye abincinsa tunda ya biya, aka jira shi ya share farantin tas. Sannan ya miƙe, Kofur ya riƙe masa hannu saboda matakala, masu cin abinci suka tashi tsaye suna yi masa a dawo lafiya. Manaja ya bi su har bakin mota yana cewa a duba lamarin, shi zai biya kuɗin man da aka ƙona, Baba kuma ya ci kyauta har mako guda. Tsohon ya sauke gilashi ya tambaye shi, "Da wane ludayin?" Mota ta tashi.

Manaja ya dawo ciki yana jan ƙafa. Mutum goma sha biyu ne a layi riƙe da tikiti, sauran kuma duk sun daina tauna suna kallonsa. Kuku ta leƙo ta taga, ta kwance tsumman hannunta ta sake ɗaure shi tamau.

"Maigida, in ci gaba da zubawa?"

Ya dubi layin, ya dubi tukunyar, ya zauna a kujerarsa da ƙyar.

"Zuba," in ji shi.