Surukin da Ya Yi Jinyar Inna

"Wallahi sai na tahi Tsamiya wurin Inna! Ko da ƙasa ne sai na tahi!"

Zuhura ce ke faɗa tana cusa tufafi cikin jaka, hawaye shaɓe-shaɓe. Cikinta wata takwas, ko sunkuyawa ba ta iya yi. Mijinta Bunyaminu na tsaye bakin ƙofa, ya kasa shiga, ya kasa fita.

"Zuhurata, ki saurare ni..."

"In saurari mi? Uwata na can kwance, ƙuraje sun cinye mata rabin goshi har ido, ni kaɗai ta haifa, kana ce mini in zamna?"

"Da kunnenki kin ji abin da Malama Asma'u ta ce."

Ta ji kam. Jiya wurin awo ta nuna wa malamar asibitin hoton da maƙwabtan Inna suka turo ta waya. Can ƙauye cewa ake jifa ne. Malama Asma'u ta girgiza kai ta ce babu wani jifa. Duk wanda ya taɓa yin ƙarambau, ƙwayar ba ta barin jikinsa, lafewa take cikin jijiya shekara da shekaru. In tsufa ya zo, ko ciwo ko baƙin ciki ya raunana mutum, sai ta farka ta feso ƙuraje gefe ɗaya, da zafi kamar an ɗora garwashi. Inna Hamsatu kuwa ba ta daɗe da fita takaba ba.

Sai malamar ta ƙara da abin da ya tsinka zuciyar Bunyaminu. Ruwan ƙurajen in ya taɓi wanda bai taɓa ƙarambau ba, ƙarambau zai yi. Ga mai ciki haɗari ne babba, ita da abin da ke cikinta. Wannan cikin kuwa shekara shida suna jiransa, biyu sun zube kafin shi.

"To wa ya ce ban taɓa yi ba?" Zuhura ta share fuska. "Kowane yaro ya yi!"

"Kira Inna ki tambaye ta."

Nan take ta kira. Da ƙyar muryar tsohuwar ta fito.

"Inna... ai na yi ƙarambau ina ƙarama, ko? Ce mishi na yi, in taho yanzu-yanzu."

Zuhura na jin nishin uwarta, ta san kalma ɗaya kawai Inna za ta faɗa ta ganta kafin la'asar.

"Ba ki yi ba, ɗiyata. Shekarar da ya shigo gari ni ya kama. Ranar na sa babanki ya ƙetara da ke ƙasar Benin wurin gwaggonki, wata biyu kina can. Ni na ɓoye ki." Muryar ta karye. "Kada ki zo. Ban yafe ba in kin zo."

Zuhura ta zube gefen gado ta fashe da kuka mai cin rai.

Bunyaminu ya durƙusa gabanta. "Ni na yi, rabin raina. Dubi tabon ga kuncina. Ni za ni."

"Kai? Suruki?"

Dole ta tambaya. Shekara shida bai taɓa ɗaga ido ya kalli fuskar Inna ba. Tun daga zaure yake tuɓe takalmi, ko ruwa bai taɓa sha gabanta ba. Ga shinkafarsa ta nuna a fadama tana jiran yanka. Ya bar ta haka, ya tada babur.

Da Inna ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wayyo ni Hamsatu! Wace irin kunya ce wagga? Koma, don Allah koma..."

"Inna, ba suruki ya zo ba. Hannuwan Zuhura na kawo miki."

Shi ya wanke baƙin maganin da aka shafe mata goshi da shi, shi ya ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce tun kwana ukun farko ya kamata a kawo ta, balle ciwon ya kama ido. Matan unguwa kam sun samu abin yi, sai leƙe ta danga ana ƙus-ƙus, wai ga namiji na dama wa surukarsa kunu. Ko a jikinsa.

Kwana goma sha shida ya yi. Ranar da ya dawo gida Bagudo, Zuhura ta ga ya rame har wuyansa ya fito.

"Ƙurajen sun bushe, masoyiya. Malama ta ce kina iya zuwa."

"Alhamdu lillahi! Idon fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Idon fa nike tambaya!"

Sai ya ɗauki jakarta ya yi gaba.

A tsakar gida suka iske Inna zaune bisa tabarma. Tabo ya bi goshinta ta hagu, idon wannan gefen ya yi fari fat. Zuhura ta ƙwalla ƙara ta faɗa jikinta.

"Inna, da na zo! Da ni na yi jinyarki..."

"Da kin zo, da idon ya tahi, jikana ma ya bi shi. Yi shiru." Ta ɗaga murya wajen zaure, inda Bunyaminu ya koma ya raɓe kamar da. "Ɗana, shigo. Wanda ya wanke mini ciwo ba ya tsayawa waje."

Ya shigo ya zauna kusa da su, idanunsa sun cika.

Inna ta lalubo fuskar ɗiyarta, tana ta karkata kai tana neman ta.

"Taso daga nan, ɗiyata. Dawo ta dama... in gan ki."