Auren da Ba a Ce Kat Ba

A bakin asibitin Kebbe suka fara haɗuwa, kuma da faɗa aka fara.

Mu'awiya ya zo da 'yan wasansa daga Tambuwal suna wasan faɗakarwa kan gudawar yara. Jama'a sun yi da'ira, yana tsakiya yana nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari. Ya kamfato gishiri cokali guda cike ya zuba. Sai murya ta tashi daga bayan mata.

"Malam, wanga ruwa naka kashe yaro shika yi. Rabin ƙaramin cokali aka sawa."

Ruwaida ce, ma'aikaciyar asibitin, ɗiyar Malam Sama'ilu manomi. Ba ta yi murmushi ba. Shi kuwa bai daburce ba, ya jawo ta cikin wasan.

"Ga likita ta zo, jama'a. Zo ki gyara mana."

Ta gyara, aka yi tafi. Da aka watse ya bi ta har ƙofar ɗakin allura yana neman lambarta, wai don gyaran wasan gaba.

"Na san ka," ta ce. "Kai ne Na'iya."

Kowa ya san shi. Tun yana sakandare a Tambuwal yake hawa dandali, daga nan gidan talabijin a Sakkwato ya ɗauke shi, ya je Kano ya yi fim, ya dawo gida yana darakta. Amma abin da ya manne masa shi ne Na'iya, wani mai daɗin baki a shirin talabijin, wanda ke yaudarar mata yana aurensu. Ruwaida ta ba shi lambar, amma a ranta ta ce mutumin da sana'arsa canza fuska ce sai a riƙa duba shi sau biyu.

Wata uku yana cin ƙurar hanyar Kebbe a kan babur. Gishirina yake ce mata, ita kuma Darakta. Wata safiya ya turo:

"Gishirina, tun ranar da kika tsayar da ni a gaban jama'a ban ƙara tafiya daidai ba. In ba ke, abincina lami ne."

Ta karanta ya fi sau goma. Ta amsa: "Rabin cokali dai, Darakta. Kada ka cika."

Bayan wata biyu, tana zaune a ɗakin hutun ma'aikata, talabijin na kunne. Ga Na'iya ya durƙusa gaban wata farar yarinya yana cewa, "In ba ke, abincina lami ne." Kalma ɗaya bai canza ba. Abokan aikinta na dariya, ita kuwa ta ciro wayarta. Ta tura masa: "Mu nawa ka ba wanga karatu?" Ta kashe waya.

Saifullahi, akawu a sakateriya, ya daɗe yana sonta tana kaucewa. Bai yi wa Mu'awiya ƙarya ba, wayo ya yi. Ya tara guntayen shirin a wayarsa, ya kai wa Malam Sama'ilu a gona. Tsoho ya jingina fartanya, ya kalla, yana ƙirgawa da yatsu.

Da iyayen Mu'awiya suka aiko neman izini, amsa ɗaya ya bayar.

"Yaronku ya cika fuɗu. Da idona na ga an ɗaura mashi aure sau fuɗu, ga liman, ga goro, ga shaidu. Aure ko da wasa aka ɗaura shi ya ɗauru. Ɗiyata ba ta zama ta biyar."

Aka ce masa fim ne. Ya ce shi ma bai ce ba fim ba ne.

Ruwaida ba ta kare Mu'awiya ba. Ita ba ƙirgen Baba ya dame ta ba. Abin da ke cinta shi ne ba ta san wanda ke zuwa zance wurinta ba, Mu'awiya ne ko Na'iya. Saifullahi kuwa har ya fara gaida Baba da durƙuso.

Da ta kunna waya bayan kwana shida, saƙo ɗaya ta tarar:

"Ba zan roƙe ki da baki ba, tunda bakin ne ba ki yarda da shi ba. Asabar muna ɗaukar ɗaurin aure a Tambuwal. Ki roƙi Baba ya zo ya zauna ya gani. In ya ce a'a bayan nan, na haƙura."

Malam Sama'ilu ya ce za shi, don ya kama su da hannu. Ya ce Ruwaida ta shirya ita ma ta gani, ta huta.

A ƙofar wani gida aka shimfiɗa tabarmi. Ga goro, ga alewa, ga kyamara a kan ƙafafunta. Mu'awiya ya durƙusa zai gaida Baba, harshe ya sarƙe, ya ce ina kwana da azahar. Ruwaida ta lura. Na'iya bai taɓa in'ina ba.

Baba ya ƙura wa limamin ido.

"Kai, ba Ɗangiwa ba ne mai faci na bakin tasha?"

"Ni ne, Baba. Rawanin ma aro ne."

Aka fara ɗauka. Wakilin ango ya gyara zama, ya buɗe baki zai nemi aure, sai Mu'awiya ya ɗaga hannu.

"Kat!"

Wakilin ya dakata. Aka juya kyamara, aka ce a shafa fatiha, suka shafa. Maroƙi ya yi shela. Aka sake daga farko har sau uku, kuma kowane karo a daidai wurin nan yake yankewa.

"To ina siga?" in ji Baba. "Wa an nema, wa ab bayar?"

Mu'awiya ya ce, "Ba a yi, Baba. Ranar da na fara wasa mahaifina ya kafa mini sharaɗi, kada in bari a furta sigar aure a gaban kyamara. Ko a shirin wani nake, in za a furta, tashi nika yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan."

Baba bai yarda da baki ba. Ya sa aka buɗe masa guntayen nan huɗu a waya, ya kanga a kunne ɗaya bayan ɗaya. Shela ya ji, guɗa ya ji. Ba nema, ba bayarwa. Yana cikin saurare zufa ta saki gemun uban amarya, ya faɗo a kan goro. Yaro ne ashe, amaryar ma ta girme shi.

Tsoho ya daɗe yana kallon gemun.

"Wanga ba ya aurar da ko akuya," ya ce.

Ruwaida ba ta yi dariya ba. Ta ja Mu'awiya gefen bango, inda Baba ke hango su.

"Na Baba ya ƙare. Nawa fa?"

"Duba ranar da na turo maki. Ga littafin ɗauka, duba ranar da muka ɗauki wurin da Na'iya ya faɗi maganar."

Ta duba da kanta, ta bi da yatsa. Saƙon da ya turo mata ya riga ɗaukar da sati biyar.

"Na zauna rubutu na rasa maganar da ta kai waccan," ya ce. "Sai na ɗauka."

"Wato abin da ka ba ni ka kwashe ka raba ma duniya."

"Na yi kuskure."

"Sata ka yi."

"Awo. Sata ce."

Ta jira ya kawo daɗin baki. Bai kawo ba, ya tsaya yana murza hula. Abin da ta zo gani ke nan.

"Daga yau abin da ka faɗa mini nawa ne. In na ji shi a bakin Na'iya, ko bayan shekara ashirin ne, ka kuka da kanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sama'ilu a Kebbe. Saifullahi bai zo ba. 'Yan wasa sun cika tabarma biyu, Ɗangiwa na can baya ba rawani. Kafin a fara, Baba ya miƙe ya dube su.

"Duk wanda yac ce kat a nan, ni da shi ne."

Aka kwashe da dariya. Wakilin ango ya nema, ƙanen Baba ya bayar, aka ambaci sadaki, shaidu suka ji, limamin gaske ya yi addu'a har ƙarshe. Baba ya dafa kan Mu'awiya.

"Allah shi yi maku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Yanzu kana da ɗaya."

Ruwaida na ɗaki cikin ƙawaye wayarta ta yi ƙara.

"Gishirina, an ɗaura. Na nemi abin da zan rubuta na rasa."

Ta rufe fuska da mayafi tana murmushi, ta amsa: "Bar shi haka, Darakta. Wannan ba mai sata."

Allah ya bar su tare, ya sa albarka.