Wane Kati, Malam Gobe?

Ranar da wani saurayi ya fara shigowa shagon kayan kwamfuta na Abbanta, Auta tana goge gilashin kanta. Ya nuna katin girafik, wato abin da ke sa kwamfuta ta ɗauki zane mai nauyi. Ya ce shi zanen gidaje yake yi, kuma tasa sai ta yi ta nishi kafin ta fitar da hoto ɗaya. Ya juya kwalin, ya ajiye.

"An ce sabon samfuri na hanya. In na saya yau, gobe farashi ya karye fa?"

"To ka jira."

"In kuma na jira wannan ya ƙare?"

Washegari ya dawo, jibi ma haka, har ta raɗa masa Malam Gobe. Tun yana kallon kati ya koma kallon mai kati. Ita ma, tsakani da Allah, ƙofa na motsi gabanta ke faɗuwa.

Da maganar aure ta taso, Abba kuwa ya ce sam. "Mutumin da abu cikin kwali ya gagare shi yanke shawara, shi zan ba 'yata? Ga ɗan aminina, ko tayi ba ya yi, sai dai ya ce a naɗe masa."

"Abba, ni ba kaya ba ce da za a naɗe."

Da ƙyar Umma ta shawo kansa, amma da sharaɗi: Malam Gobe ya turo manyansa kafin wata ya ƙare, in ba haka ba ɗan amini za a ba.

Wata ya ja baya, manya shiru. Sai saƙo: "Zumata, na ga katin biki kala biyu, fari da ruwan gwal. Wanne?"

Ta rubuta: "Haba rabin raina, ko sau ɗaya ka zaɓa da kanka."

Daga nan ɗif. Auta ta kasa zaune ta kasa tsaye. Wani ya nemi caja ta miƙa masa linzamin kwamfuta. Ta duba waya, ta kife ta, ta sake ɗauka. Can da rana saƙo ya shigo:

"Na yi tunani sosai. Na fasa maganar kati. Gara in jira, wataƙila wanda ya fi ya fito."

Wayyo Allah! Ta durƙushe bayan kanta tana kuka. Abba ya karɓi wayar ya karanta, ya yi ƙwafa. "Ban faɗa ba? Tashi mu tafi gida."

Suna isa suka tarar da takalma jere a ƙofar falo. Ga kawunnan Malam Gobe biyu a zaune, ga shi kansa a gefe yana share gumi.

"Me kuma ya kawo ku, bayan an fasa?" in ji Abba.

"Fasa me, Abba?" in ji Malam Gobe.

Abba ya cusa masa wayar a fuska. Malam Gobe ya karanta, ya dafe kai.

"Innalillahi! Katin girafik nake nufi, wallahi! Shi na haƙura da shi, hidimar aure ta fi. Na biki tun safe na kai a buga."

Daga bakin ƙofa Auta ta ce, "Wanne ka zaɓa?"

"Farin, Zumata. Ban tambayi kowa ba."

Babban kawun ya ce, "Alhaji, wata nawa za ka sa mana?"

Abba ya daɗe yana kallon yaron, sannan dariya ta ƙwace masa. "Wata? Sati mai zuwa za a ɗaura, kafin ya ji an ce wata sabuwa na hanya!"

Malam Gobe ya ce, "Abba, wannan kam babu wadda za ta fito ta fi ta."

Auta ta ruga ciki ta faɗa jikin Umma, kuka da dariya a haɗe. Haka kuwa aka yi, sati na zagayowa aka ɗaura. Abba ya dafa kansu su biyu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya."

Malam Gobe ne ya riga kowa cewa amin.