Fiffike Kusa da Fiffike

Zaituna ba ta taɓa gamuwa da ɗan rainin hankali irin wannan matuƙin ba. An ɗauko ta ne ta yi hoton ƙananan jirage biyu suna tafiya a jere a sama, aka zaunar da ita gefen Hafizu, mai koyar da tuƙi a wani ƙaramin filin jirgi da ke bayan garin Abuja. Tun da suka tashi take jan sa da hira, amma bawan Allahn nan ko waiwaye. Idonsa ƙyam a kan jirgin da ke gabansu.

Suna sauka ta figi jakar kyamararta.

"Malam, wai dodo ce ni?"

Sai a lokacin ya dube ta, ya kuwa dube ta da kyau.

"Wallahi na so in kalla. Amma mai bin wani jirgi ba ya ɗauke ido daga kansa. Tsakaninmu bai fi faɗin tsakar gida ba. Da na kalle ki, sai dai a tsinto mu a gonar mutane."

"To yanzu fa?"

"Yanzu kam sai kin gaji."

Ta ja tsaki, amma fa lambar wayarta ta bar masa. Kafin damina ta wuce, ya zama Kyaftin ɗinta, ita kuma Zee ɗinsa.

Matsalar ita ce Alhaji Yamusa, mahaifinta, babban dillalin atamfa a kasuwar Garki. Da ya ji zancen Hafizu, sai ya daka mata tsawa.

"Direban jirgin wasu? Ga Salisu ɗan aminina, jirgin ma nasa ne na kansa! Kada in sake jin zancen nan."

Zaituna ta sha kuka har ta gode Allah. Shi kuwa Salisu, da ya ji an yaba jirginsa, kai ya kumbura. Ya shirya ɗaukar Alhaji a jirgi ya nuna masa sabon siton Alhajin da ke unguwar Idu daga sama, ya ce Hafizu ya biyo su a gefe da Zaituna don hoto. Nufinsa kowa ya san matsayinsa.

Hafizu ya tura mata saƙo: "Zee, raina bai kwanta ba. Salisu ya iya tuƙi, amma bai taɓa koyon tafiyar jere ba."

Ta amsa: "In ka ƙi, Baba zai ce tsoro kake. Kuma wani zai ɗauko ya saka ni a jirginsa. Don Allah, Kyaftin."

"Ba zan bar ki a hannun wani ba. Zan zo."

Kafin su tashi, Hafizu ya tsayar da Salisu. "Oga, kai ne a gaba, ni ina damanka. Kada ka juya sai ka faɗa a rediyo na amsa."

"Malam, ba aji muke ba," in ji Salisu yana dariya.

Sun yi sama lafiya lau. Zaituna na ɗaukar hoto, tana hango hular babanta ta taga. Suna isa saitin Idu, Alhaji ya nuna da yatsa, shi a dole ya gano rufin sitonsa a dama. Salisu, don neman suna wurin suruki, sai ya karkata jirgin nan gaba ɗaya. Ko uffan bai ce a rediyo ba.

Jirgin Salisu ya cika wa Zaituna ido. Ta saki salati.

Amma Hafizu ya ga fiffiken tun yana fara motsi. Ya rage wuta, ya danna hancin jirginsa ƙasa, na Salisu ya wuce ta samansu fuu, inuwarsa ta rufe su.

"Zee, kina lafiya? Yi numfashi, mun fita."

Da aka sauka, Alhaji ya fito a fusace. Salisu ya fara kame-kame, wai iska ce.

"Iskar gidanku! Ina zaune ka murɗa abin nan kan 'yata!"

Alhaji ya taka har gaban Hafizu, ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa taf da hawaye.

"Yaro, na raina ka, ka yafe mini. Ka turo magabatanka."

Zaituna ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana kuka, daɗi kamar ya kashe ta.

Ranar Asabar bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Garki, 'yan kasuwa da matuƙa suka cika layi maƙil. Abokan ango suka zo da shawara, wai a zaga da amarya gari a jirgi kafin a kai ta ɗakinta.

Alhaji ya ɗaga hannu. "Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya albarkace su da zuri'a ta gari."

Aka shafa da amin mai ƙarfi.

"Amma amarya a mota za a kai ta. Kuma ango ne zai tuƙa."