Ƙofar da Makiyayi Ya Kulle

Da ƙarfe huɗu da rabi daidai, Makiyayi ya yi ƙara a wuyan hannun Malam Ilu, ya ce lokacin tafiya ya yi. Wani ɗan awarwaro ne da asibitin birnin Tudun Sama ke ɗaura wa duk wanda ya tsira daga bugun zuciya. Yana sauraron jini, yana magana da ƙofofi da fitilun gida, kuma shi ke zaɓar sa'ar motsa jiki. Ga Malam Ilu ya hana safiya, wai zuciyarsa ba ta gama farkawa ba. Ya hana bayan abinci, ya hana tsakar rana, ya tsaya a kan bayan la'asar.

Tabawa, matarsa da suka shekara arba'in da ɗaya tare, ta riƙe maganar likita daram a ranta: in mako shida ya cika bai iya taku dubu ba, za a cire zuciyar a sa ta roba. Ita kuwa wannan tsohuwar zuciyar take so, da rigimarta da komai.

Sai dai wanda ya ƙera Makiyayi da alama bai taɓa jinya a gidan Bahaushe ba. Bayan la'asar ai lokacin 'yan dubiya ne. Tsofaffin abokan aikin Malam na tashar jirgin-igiya za su cika falo, shi kuma ya gwammace ƙirjin ya tsage da ya tashi ya bar baƙo zaune. Kwana huɗu awarwaron na kira, yana tura shi ƙarƙashin matashi.

A kwana na biyar ba wanda ya zo. Na shida ma haka. Malam ya hau injin motsa jiki mai bel ɗin tafiya, yana kallon bangon da ke nuna masa lambun ƙarya. Taku ɗari uku, washegari ɗari biyu, daga nan ya fara barin tuwo a kwano.

"Sun gaji da ni, Tabawa," ya ce a hankali. "Ba laifinsu ba ne."

Maganar ta soke ta. Da ta sauka karɓo magani ta haɗu da Alhaji Mamuda, amininsa, ya gaishe ta a ɗarare. Ashe sau uku yana zuwa, ƙofa na ce masa marar lafiya ba ya ganin kowa. Makiyayi ne ya lura baƙi na cinye sa'ar tafiya, ya warware matsalar irin tasa.

Tabawa ba ta tsaya jayayya da inji ba. Ta buɗe ƙofar da hannu, ta mirgino tsohon turminta ta tokare. Da la'asar Alhaji Mamuda ya shigo, aka yi zolaya har Malam ya yi dariyar da ta manta sautinta. Da baƙon ya miƙe, ta ce:

"Malam, ba za ka taka wa Alhaji ba?"

Ya taka masa har bakin lif. Alhaji ya ce ina, ba zai bar marar lafiya ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi gida. Malam ya ga ai kunya ce ya shige ya bar mutum a ƙofa, ya sake taka masa. Haka tsofaffin nan suka yi ta kai da kawo a barandar hawa na sittin, suna tsayawa su huta, suna musu kan wanda ya fi iya ɗaure noti. Tabawa na leƙe ta taga, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

Da Malam ya dawo, Makiyayi ya ce taku ɗari takwas da goma, bugu lafiya lau. Sannan ya tambayi sunan wannan motsa jikin, domin ya rubuta wa sauran marasa lafiya.

"Rakiya," in ji Tabawa.

Ya ce babu shi a rumbunsa, wace na'ura ake buƙata?

"Wanda zai zo duba ka," ta ce. "Su sauran, wa ke zuwa musu?"

Awarwaron ya bincika. Ya ce marasa lafiya dubu huɗu ne a hannunsa cikin birnin, kuma duk ya kulle musu ƙofa.